Ɗakin Gwaggo Ya Fi Kowanne Haske

Gwaggo ta dawo daga asibitin ido da auduga manne a idonta na dama, da 'yar kwalbar maganin ɗigawa ƙulle a gefen zane, da kuma gargaɗin da ma'aikaciyar asibitin ta bi ta da shi har bakin ƙofa: ta kiyaye idon nan daga haske mai ƙarfi, da zafi, da hayaƙi, kuma ko ya yi ƙaiƙayi kada ta kai masa hannu. Na hagu ya daɗe da mutuwa. Wannan da aka cire wa yana shi kaɗai ya rage mata a duniya, likita kuma ya ce in an lallaɓa shi, nan gaba kaɗan za ta ga kafar allura.

Maganar allurar nan ce ta zauna mata a rai. Tana da wata allura da take sokewa a bakin ɗankwalinta. Ta shekara da shekaru tana bin masu ido tana roƙo su zura mata zare, wani ya zura, wani ya ce ta jira ya gama abin da yake yi. Tun a cikin mota take shafa allurar, tana ce mata a zuci: ni da ke mun kusa sake ganin juna.

Ɗakinta yana can ƙarshen gida, jikin kicin. Ƙarami ne, gado ya cinye rabinsa, rufinsa kuma gajere. Lokacin da aka yi wa gidan kwaskwarima, kowane ɗaki an manna masa irin fitilun nan na zamani masu faɗi kamar faranti, waɗanda ba a canza musu ƙwai. Nata kaɗai aka tsallake, aka bar shi da tsohuwar wayarsa mai lilo, da tsohon gidan ƙwai na murɗawa, daidai saitin matashin kanta. A lokacin ko a jikinta.

Mai gidan ɗan ƙaninta ne, Dogo ake ce masa, yana da shagon kayan wuta a kasuwa. Ita ta goye shi, don haka ba ta kiransa da komai sai Ɗana. Matarsa kuwa tun da ta haifi tagwaye sunanta ya ɓace, kowa Uwar Biyu. Ita ce ta rataya bargo a tagar ɗakin, ta ce tun da likita duhu ya rubuta, to ga duhu nan, Gwaggo ta sha ta ƙoshi. Kwanakin farko lafiya lau. Aka cire auduga, aka ba ta baƙin tabarau. Ƙofa ta fara komawa ƙofa, ba wani farin hazo ba. Har ta gane cewa ɗaya daga tagwayen ya fi ɗan'uwansa faɗin goshi, abin da tun da aka haife su sai dai ta ji a bakin mutane.

Ran nan da hantsi Dogo ya shigo da kwali a kafaɗa da kujera a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi ido, sannan ya ɗora mata wani abu a tafin hannu. Bai kai ƙwan kaza ba. Gindinsa ƙarfe ne mai murɗe-murɗe irin na ƙwan lantarki, samansa fari mai 'yan ƙofofi biyu kamar hancin ɗan akuya. Ya ce sunansa adafta. Wai akwai wani ɗan ƙwai da ake kira halojin, bai fi kan yatsa ba, da ƙafafu biyu sirara, haskensa ya ninka na manyan ƙwayaye, amma ba ya shiga gidan ƙwai na murɗawa, domin ba don juna aka yi su ba. To wannan shi ne ɗan tsakani. A murɗa gindinsa a tsohon gida, a soka ƙafafun ɗan ƙwan a hancinsa, shi ke nan zama ya yiwu.

Gwaggo ta yi dariya, ta ce ashe har fitila ana nema mata dillali. Ta yi ta juya abin, ya ba ta sha'awa.

Sai Dogo ya zo kan abin da ya kawo shi. Ya saro kwalaye masu yawa a kan sauƙi, ashe gauraye suke. Wasu na tangaran ne, suna jure zafi. Wasu roba ce aka yi wa kamannin tangaran, ido ba ya bambancewa, sai an kunna sun daɗe sannan su nuna halinsu, su narke. Masu saye sun fara dawo masa da su haɗe da baƙar magana. Dole ya gwada kowanne kafin ya sayar. A kasuwa kuwa shugabanni sun hana barin fitila mai zafi a kunne tun wata gobara da aka yi. Duk gidan nan kuma babu gidan ƙwai na murɗawa sai wannan da ke bisa kanta.

"Kwana biyu ne kawai, Gwaggo. Ki sa tabarau, ki juya mata baya."

"Ɗana, likita fa ya ce..."

"Rana likita yake nufi. Dubi ƙanƙantar abin, wannan me zai yi wa mutum?"

Ya taka kujera, ya murɗa, ya sauko ya danna makunni. Sai ka ce an yaye rufin ɗakin da tsakar rana. Gwaggo ta runtse ido, amma hasken bai tsaya a bakin fata ba, ya ratso ciki ja wur, kamar yadda yaro ke kallon rana ta tsakanin yatsunsa. Dogo ya ce madalla, wannan dai da alama na kirki ne, ya bar wa Uwar Biyu sallahu ta riƙa canzawa in an jima, ya tafi kasuwa.

Kwana biyu suka wuce, kwalin farko ma bai yi rabi ba.

Abin da ba a gaya mata ba shi ne zafin. Ɗan ƙwan nan ba haske kaɗai yake zubarwa ba, gashi yake yi. Kafin azahar ɗakin ya zama tanda. Bargon da aka rataya don a tsare mata haske ya koma tsare iska. Gumi ya tsattsafo daga goshi ya gangara cikin idon da aka yi wa aiki, ya yi ta yaji, ita kuma ta danne hannayenta a ƙarƙashin cinya don kada su tafi inda aka hana su. Ta gwada juya kai zuwa ƙafar gado, hasken ya bugi farin bango ya dawo mata. Ta lulluɓa da zane, numfashi ya gagara. Ta ja tabarma zuwa tsakar gida, ta tarar da rana da hayaƙin kicin suna jiranta. Falo kuwa na baƙi ne, kuma kwalaye sun cinye inda baƙin ma za su zauna.

Baƙin tabarau bai daɗe ba. Ta ajiye shi za ta yi alwala, tagwaye suka same shi, kowa ya ja ƙafa ɗaya. Uwar Biyu ta kawo mata shi gida biyu tana ba da haƙuri, ta ce za a sayo wani in baban su ya dawo. Baban su ya dawo ya ce gobe.

Da ta ce wa Uwar Biyu ko za a kashe na ɗan lokaci, sai Uwar Biyu ta tsaya da kwanon wanke-wanke a hannu, ta ce wallahi ita ma abin yana damunta, amma Gwaggo ta san halin ɗanta, in ya dawo ya tarar ba a gwada abin da ya ƙayyade ba, a kanta zai sauke. Ita aiko ta aka yi. Ga tagwaye, ga girki, ga hawa kujera da sauka kamar biri, yatsunta duk sun ƙone wajen cire ƙwai mai zafi. Ta miƙo yatsun don Gwaggo ta gani. Gwaggo ta kama su ta hura musu iska, ta ce sannu.

Da ta ce wa Dogo ko zai ja waya ya kafa abin a kan katako a tsakar gida, sai ya yi murmushi irin na wanda ya san sana'arsa. Ya ce ai in ba a rataye shi kai ƙasa a ɗaki rufaffe ba, zafin ba ya hawa cikin adaftar, iska ce za ta kwashe shi, gwajin ya tashi a banza. Dole sai yadda mai saye zai yi amfani da shi. Ya ƙara da cewa ita ce fa a da take kukan ɗakinta ya yi duhu. Kuma maganin ɗigawar nan da ake saya mata, daga ina take tsammani yake fitowa? Daga cikin kwalayen nan. Gwaggo ta ce haka ne, Allah ya yi albarka.

Abokin zama ɗaya ta samu, wata tsaka. Haske ya janyo ƙwari ta ƙarƙashin ƙofa da gefen bargo, ƙwari suka janyo tsaka. Da ta zo siririya ce kamar tsinke, kafin a ce me ta yi ƙiba har tana tafiya da ƙyar. Gwaggo kan saci kallonta ta gefen ido, ta ce mata: ke dai kin dace, a gidan nan ke kaɗai fitilar ta yi wa rana. Ƙwarin da tsaka ba ta kama ba su kan faɗa kan ƙwan su soye, tokar fukafukansu ta riƙa saukowa a hankali kan matashi, kan fuska. Wani lokaci Gwaggo kan ga abin kamar wani irin yayyafi ne da ake yi a ɗakinta kaɗai.

Duk unguwa in aka ɗauke wuta sai ka ji tsaki da salati gida-gida, yara su yi ihu, masu niƙa su yi zagi. Tsohuwa ɗaya ce a ƙarshen wani gida take ɗaga hannu tana godiya. Duhun kan sauko mata kamar ruwan randa. A irin wannan lokaci ne take ɗage gefen bargo kaɗan, ta zaro allurarta ta ɗaga. Da farko ta fara ganin tsawonta, siririn layi mai ƙyalli. Kafar ce dai saura. Daga baya layin ya fara kaɗawa kamar yana cikin ruwa.

Wata rana da azahar, wuta ta ƙi tafiya, kanta yana sarawa, ta lallaɓa ta bi bango ta danna makunni. Ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Dogo ya dawo ya tarar da fitila a kashe, adafta ya huce, ba a san na kirki ne ko na banza ba. Bai yi faɗa ba, shi ba ya ɗaga mata murya. Ya ɗauko abin kwance ƙusa, ya cire makunnin daga bango, ya haɗe wayoyin biyu ya naɗe su da baƙin salatif, ya mayar da murfi. Ya ce ya yi haka ne don kada ta riƙa wahalar da kanta da tashi, ga ido ba lafiya, kada ta je ta faɗi. Washegari ta sake bin bango. Yatsanta ya sami wurin, ya danna, babu abin da ya motsa. Ta daɗe tsaye da yatsa a kan murfin.

Ranar komawa asibiti ta zo. Ta yi wanka tun da safe, ta ɗaura zanen fita, ta zauna a bakin gado. A ranar ne wani mai ɗakin taro ya aiko yana son kwali guda cif kafin ƙarshen mako. Dogo ya ce ba zai iya barin shago ba, Uwar Biyu kuma in ta fita wa zai canza adafta? Ya ce asibiti ai ba gudu yake ba. Da wuta ta ɗauke da rana, Gwaggo ba ta gama ajiyar zuciya ba ta ji janareta ya tashi a bayan taga. Hasken ya dawo, hayaƙin mai ya biyo shi ta gefen bargo. Da la'asar ta kwance zanen fita ta ninke.

Sai ga Kawu ya zo dubiya, babban yayan mahaifiyar Dogo, wanda duk dangi in ya yi magana ta zauna. Gwaggo ta ji sandarsa tun daga zaure. Ta shirya maganarta tsaf. Kawu ya shigo, Dogo yana biye da shi riƙe da takalmansa. Tsohon ya tsaya a bakin ƙofa ya kare fuska da hannu, ya yi dariya.

"Kai, wannan ɗaki ko fadar sarauniya! Yaya, ashe haka yaron nan yake ji da ke? Mu namu 'ya'yan ko ƙwan da ya mutu ba sa canza mana."

Dogo ya sunkuyar da kai, irin na mai kunyar yabo. Kawu ya tambaye ta ido fa. Maganar da ta shirya ta zo har bakinta. Ta dubi inuwar Dogo a bakin ƙofa, doguwa, riƙe da takalman wani. Yaron da ta goya ne, ya za ta kwance masa zane a gaban dangin uwarsa? Kuma in ta faɗa, Kawu ya yi faɗa ya tafi gidansa, ita a gidan wa za ta kwana?

"Da sauƙi," in ji ta. "Sai dai ɗan zafi."

Kawu ya ce zafi ai alamar warkewa ce, ciwon da ba ya zafi shi ne abin tsoro. Bai iya zama ba saboda gumi, ya yi addu'a a tsaye. Da zai tafi Dogo ya ba shi adafta guda da ƙwansa, gwadajje, ya ce ya kai ɗakinsa.

Abin ya faru ne da rana tsaka. Ta fara jin wani wari kamar an sa gashi a wuta. Ta kira Uwar Biyu, Uwar Biyu tana bayan gida tana yi wa tagwaye wanka, suna tsala kuka. Ta sake kira. Warin ya yi kauri, wani abu ya fara ɗiga a kan matashi yana cewa cus. Ta ɗaga kai don ta ga ta ina za ta kauce, daidai nan ƙwan ya fashe. Baƙin hayaƙi ya cika ɗakin, wani gari mai zafi ya zubo mata a fuska. Hannun da ta yi ta dannewa tun ranar da aka sallame ta ya ƙwace, ya tafi idon, ya murza, ya sake murzawa.

Da Dogo ya dawo, kujera ya fara takawa. Ya kwance abin da ya rage, ya fito da shi bakin ƙofa yana juyawa, robar ta lanƙwashe ta yi baƙi kamar ƙonannen ƙashi.

"Allah ya rufa asiri," in ji shi. "Da a ɗakin taron mutumin nan wannan ya fashe, da na shiga uku."

Sannan ya tambaye ta ko ba ta ji ciwo ba. Ta ce idon ne. Ya ce Uwar Biyu ta ɗiga mata magani, ta canza rigar matashi. Ya share gidan ƙwan da tsumma, ya ga bai lalace ba, ya murɗa wani.

Idon ya kumbura. Da safe sai an jiƙa tsumma an goge kafin ya buɗe. Ciwon ya tashi daga ido ya shiga ƙashin kai, ya sauka haƙora. Ta daina ganin tsaka, sai motsinta. Ta daina gane goshin tagwaye. Uwar Biyu ta ce wa mijinta abin nan fa ya wuce wasa, ya ce bari a sallami mai ɗakin taro tukuna. Aka sallame shi, wani ya zo. Sai da Gwaggo ta kai ba ta iya haɗiye abinci don azaba, maƙwabta suka fara jin nishinta ta katanga, sannan aka nemo mota.

Ma'aikaciyar da ta raka ta bakin ƙofa ran farko ita ta buɗe idon. Ta duba shi da kyau. Ta tambaya me ya hana su zuwa ranar da aka ce, me kuma ya sami idon. Dogo ya ce sha'anin tsufa ne, an yi an yi da ita ta daina murzawa, ba ta ji. Ma'aikaciyar ta juya ga Gwaggo.

"Baba, kin murza?"

"Na murza."

Ba ta yi ƙarya ba, ba a kuma tambaye ta wani abu bayan wannan ba. Likita ya zo ya haska 'yar fitilarsa, ya tambaya ko tana ganin haske. Ta ce a'a. Ya ce ƙwayar cuta ta riga ta cinye cikin idon, abin da ya rage shi ne a kashe ciwon. Dogo ya share hawaye a gaban likita, hawayen gaske, ya ce Allah ya sa kaffara ce.

Aka dawo da ita ɗakinta. Uwar Biyu ta cire bargon taga, tun da ba shi da sauran aiki, amma Dogo ya ce a mayar, iska tana ɓata gwaji. Ya ce yanzu dai alhamdu lillahi hasken ba ya damunta. Ya ja waya ya ƙara gidan ƙwai biyu a gefen na farko, aiki ya riƙa sauri. Ya kuma lura da wani abu: tun ranar fashewar nan, hancin Gwaggo yana kama warin roba tun kafin ta fara narkewa. Uwar Biyu ta huta da leƙe, sai ta ji kira. Dogo har yana ba abokansa labari a kasuwa, yana cewa tsohuwarsa akwai baiwa.

Ba wanda ya doke ta a gidan nan, ba wanda ya zage ta, ba a taɓa hana ta abinci ba. Kullum da safe ana durƙusawa a gaishe ta. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da hujjarsa a hannu, mai kyau, wankakkiya: wannan neman halali yake, wannan umarni take bi, wancan abin da ya gani ya yaba. Idon mutum guda ya tafi a tsakaninsu, kuma ka rasa wanda za ka ce ya ɗauka. Adaftan Dogo sun yi suna, ana cewa nasa ba sa narkewa. Masu wucewa ta lungu kan ga haske yana tsiyaya ta gefen bargo da rana kata, su ce ga ɗan halak, ɗakin tsohuwarsa ya fi na kowa haske a gidan.

Ita kuwa tana zaune a bakin gado, zafi uku a bisa kanta. Takan zaro allurar daga bakin ɗankwali, ta ɗaga ta sama inda ta san fitilar take, ta riƙe har ƙarfen ya yi ɗumi a yatsunta. Ta bi tsawonta da farce, ta sami ɗan kumburin da kafar take, ta tsaya a nan. Sannan ta mayar da ita mazauninta, ta ɗaga hanci, ta juya fuska wajen ƙofa.

"Uwar Biyu, zo ki cire na tsakiyan. Ya fara wari."